Hayar shagunan ɗana da na ɓoye

Assalamu alaikum masu wannan shafi. Ban yi boko ba, murya na aiko, ku rubuta yadda na faɗa, ku sakaya sunana. Kada ku zage ni, na riga ku.

Ɗana na fari yana Amurka da matarsa, su biyun aikin asibiti suke yi, suna da 'ya, Amira. Ya gina gida a nan Kontagora da shaguna uku a gaba, ya ce a rufe sai ya dawo. Ni kuwa ba na iya ganin abu a banza. Na zuba 'yan haya, mai shinkafa da tela da mai gyaran babur, kuɗin na faɗawa asusun bankin da ya bar mini da sunansa, ina cira ina yi wa ƙanena na Tungan Magajiya magani. Shekara uku ke nan. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, ta ina zan zauna in yi maganar kuɗi da shi?

Watan jiya surukata ta kira. Ta ce, “Inna, muna cike takardar haraji ne. A nan miji da mata tare suke sa hannu, kuma ko a Najeriya kuɗi ya shigo da sunansa sai an rubuta. Akwai wani abu?” Na ce wace irin ƙasa ce wannan, hukuma na leƙa aljihun mutum har garin uwarsa? Ta yi dariya, ta ce, “Haka suke, Inna. In suka kama ƙarya, har takardar zamanmu tana iya taɓuwa.” Na ce babu komai. Har da wallahi. Ta ce, “Shi ke nan, Baban Amira ya ce in Inna ta faɗa, ba sai an duba banki ba.” Suka sa hannu.

Ni da na taɓa zane yaron nan a kan ƙaryar ƙuli-ƙuli ɗaya. Ni da matan unguwa ke gyara mayafi in sun hango ni. Yanzu in tela ya gaishe ni, ƙyamar kaina nake ji. Yarinyar mutane ta sa hannu a kan rantsuwata, ba ta ci ko sisi ba.

An ce ana iya gyara takardar in mutum ya kai kansa da wuri. Amma sai na buɗe baki na gaya wa wanda ban taɓa kallon idonsa ba cewa uwarsa ta rantse a kan ƙarya. Jibi Juma'a za su kira. Me zan yi?