Ɗaki Ba Kowa

Zuwa ga Yayata Darlene,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Gus da jikoki. Allah ya ƙara wa gwiwar nan taki sauƙi, ya sa sanyin bana ya zo muku da dama. Mu nan ƙanƙara ta rufe mu tun farkon Nuwamba. Matata Noreen tana nan, hawan jininta ya lafa. Ni kuwa gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya maganinta.

Kin san laburaren garinmu. Majalisar gari ta ce za ta rufe shi, wai ba mai shigarsa yanzu. Malama Friesen, mai kula da shi, ta same ni har shago ta roƙe ni in riƙa koya wa yara zana hoton cikinsa duk Asabar, a kai zanen gaban kansiloli ranar ƙuri'a ko zuciyarsu ta yi laushi. Na karɓa ba gardama. Ni da na fito sakandare da kyar, amma duk allon shagon da ke babban titi hannuna ne, shekara arba'in ba harafin da ya karkace, yara goma sha ɗaya ne za su gagare ni?

Sun so su gagare ni, Yaya. Na nuna musu yadda ake sa ɗigo a tsakiyar takarda, a ja layukan kantocin littattafai da rula duk su nufe shi, sai ɗaki ya yi zurfi. Suka laƙaba mini Baba Rula. Wani ma ya ce sanƙona ya fi kanta sauƙin zanawa, wai da'ira ce a bar ta fara. Duk wanda ya cusa mutane a zanensa na sa ya cire, don suna tare layi. Akwai wata Tessa, 'yar shekara takwas, da ta yi Asabar huɗu tana zana abu ɗaya: tsohon ƙarfen ɗumama ɗakin nan na ƙarƙashin taga, da safa a shanye a kansa, da takalma jere a gindinsa. Ko littafi ɗaya babu. Na ce mata laburare aka ce, ba shagon mai gyaran famfo ba. Ta ce ai nan take zama kullum har uwarta ta taso daga aiki, kuma littafi ba ya busar da safa. Na goge ƙarfen da hannuna, na ja mata kantoci masu kyau. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sake zuwa ajin ba.

Ranar ƙuri'a muka manna zane goma sha ɗaya, har da na Tessa da na gyara, duk a miƙe, duk iri ɗaya. Wani kansila ya yaba, ya ce aikin Wendell ba ya ɓuya. Ina cikin jin daɗi sai ya nuna bangon da yatsa, ya ce to ga shi yaran ma sun faɗi gaskiya, kantoci cike, ɗaki ba kowa. Biyar suka ce a rufe, biyu suka ce a bari. Ƙarshen Janairu za a rufe shi.

Ke kin san su wa suka riga Tessa zama a gindin ƙarfen nan, shekarar da itacen gidanmu ya ƙare, kina cire mini safa kina shanyawa. Ban san yadda aka yi na manta ba. Ko kuwa so na yi in manta.

Yanzu majalisa ta ba ni aikin rubuta allon sanarwar rufewa, tunda ba wani mai yi a garin. Kwana tara yana jingine a shago, fari fat. Takardar Tessa tana kan teburina. Yarinyar tana danna fensir da ƙarfi, in na ɗaga takardar wajen taga ƙarfen yana nan a ƙarƙashin kantocina, har da safar. Gobe Asabar zan same ta a gindin ƙarfen in kai mata sabuwar takarda, ba zan ɗauki rula ba.

Ki gaishe mini da Gus, da Colleen da yaranta, da Inna Mavis in kin leƙa ta. Noreen tana gaishe ki ƙwarai. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Wendell