Fim ɗin da na tura wa Yayana bai kai ƙarshe ba

Admin barka da aiki, ka saka mini wannan amma ka rufe sunana. 'Yan gida ina gaishe ku, manya da ƙanana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu gare ni kacal, kuma kaina ya daina aiki.

Ni mazaunin Nukkai ne a nan Jalingo, ina da ɗan shago inda nake cajin waya da tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a memori. Mu biyu Mama ta haifa maza, ni da Yayana, shi ya zauna a ƙauye yana noman doya, ni na shigo gari. Bara da damina aka shiga ƙauyenmu da rana tsaka, mutane suna gona. An kashe matarsa a bakin kunyar doya, ita da wasu. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ba zan faɗi su wane ne ba, don na san halin komen na wannan gida, yanzu sai a bar maganata a koma zagin ƙabila da addini. Shi Yaya ya je kasuwa ranar, shi ya sa ya tsira, shi da 'yarsa mai shekara shida. Ko binne matar bai samu yi da hannunsa ba. Suka taho wurina, shi da yarinyar da Mama, na ba su ɗaki ɗaya.

Wata uku mutumin nan ba ya magana. Mutumin da in yana dariya ana ji daga ƙetaren rafi, ya koma sai dai ya zauna a gindin mangwaron bayan gida yana kallon ƙasa, a kai masa abinci ƙuda ya gama bi a ɗauke. Abin ya dame ni sosai. Ni kuma abin da na iya ke nan, sai na ɗauki 'yar wayarsa na cika masa memori da fina-finai masu fassarar Hausa, na ce ko zai ɗebe kewa. Na saka na barkwanci, na saka na Indiya, na ƙarshe na jefa wani na yaƙin zamanin da, wanda samari ke yawan tambaya a shago. Wasu 'yan mazaje ne ba riga, daga mashi sai garkuwa, suka tare wata siririyar hanya a gindin dutse, runduna guda ta kasa wucewa. Jini yana tashi a hankali kamar an watsa fenti, kai yana fita daga wuya ana nuna maka sannu-sannu. Ban yi tunanin komai ba, wallahi kawai don ya cika wurin na saka.

Duk sauran bai kalla ba, wannan ɗin ya kama. Cikin sati biyu Yaya ya fara cin abinci, ya yi aski, ya fara tashi da sassafe yana gudu har bakin gada ya dawo. Mama ta je coci ta ba da shaida cewa Ubangiji ya warkar mata da ɗa. Ni ma har fariya na yi wa matata, na ce kin ga aikin da kike rainawa ya yi abin da asibiti bai yi ba. Yanzu in na tuna wannan maganar kunya nake ji.

Daga nan sai mutanen ƙauyenmu da suke warwatse a unguwannin Yelwa da Sintali suka fara zuwa bayan sujada ranar Lahadi, su zauna a gindin mangwaron su haɗa kai a kan 'yar wayar. Su goma sha ɗaya har da Yaya, duk magidanta, kowa akwai wanda ya rasa. Na ɗauka zaman jaje ne. Ashe hanyar shiga ƙauyenmu ma tsakanin duwatsu biyu take, mota ɗaya ke wucewa, Yaya ya zana musu a ƙasa ya ce mutum goma sun isa su riƙe wurin. Suna da baka da adda da bindigar toka guda biyu. Mu kuwa ya ce mana noma za su koma, har ya je wurin wani kawunmu ya samo irin doya buhu guda, ya shimfiɗa a ƙarƙashin gado, kullum sai ya juya su ya duba ko akwai wanda ya fara ruɓa. Ko yarinyarsa ba ya bari ta taɓa.

Da na gane abin da ake ciki mun yi rigima ba kaɗan ba. Na ce masa Yaya wannan fim ɗin fa ƙarya ne, daga littafin zane-zane aka ɗauko shi, irin na katun, shi ya sa ma kalarsa take haka, jinin nan kwamfuta ce ta zana, mutanen nan suna gama faɗuwa ake ba su ruwan sanyi. Na ce waɗanda suka shigo ƙauye ba da mashi suka zo ba. Ya ce ni ɗan birni ne, na saba zama a kan benci ina danna kwamfuta, ba matata aka bari a gona ba. Wannan maganar ta yi mini zafi. Na kai ƙara wurin fasto, fasto ya kira shi ya yi masa nasiha kusan awa biyu, Yaya ya durƙusa ya ce to Baba, na ji. Washegari ya fita gudunsa kamar kullum.

Satin da ya wuce ya ba ni wayar in yi masa caji a shago. Na ce bari in goge fim ɗin kowa ya huta, sai na lura tsawonsa bai kai ba. Na buɗe na kai ƙarshe. Ashe ranar da na tura, memorin ya cika kafin ya gama shiga, ni kuma akwai kwastoma a kaina, na zare ban duba ba. Kusan rabin awa na ƙarshe babu. Nasa yana tsayawa ne daidai inda mazajen nan suka kori wata runduna, suna tsaye a kan gawarwaki suna dariya, sai hoto ya daskare. Wata huɗu Yayana da mutanensa suna kallon wannan, sun ɗauka haka ya ƙare. Ba su san cewa a ƙarshe an zagaye su ta baya an kashe su ba.

Gaskiya har daɗi na ji, na ce Allah ya kawo mafita. Ranar Lahadi na ɗauko laftof ɗina na kai gindin mangwaron, na ce ku yi haƙuri kuskurena ne, ga sauran. Suka kalla. Suka ga kibiyoyi sun rufe mazajen nan, suka ga babban nasu a kwance cikin gawar mutanensa. Da ya ƙare mutum biyar suka tashi suka kaɗe wando, ɗaya ya ce shi yana da yara huɗu, ba su sake dawowa ba. Yaya bai motsa ba. Ya ce in mayar masa wurin da suke kwance, na mayar, ya ce in ƙara. Sau uku. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, Auta na gode, da ma abin da yake damuna ke nan, ina ta tunanin in mun ci yaƙin me zan dawo in yi.

Kun ga abin da na yi ke nan. Da su goma sha ɗaya ne, yanzu su shida ne, kuma tafiyar tana nan ranar Asabar, sun riga sun yi magana da mai mota. Mama ba ta san komai ba, tana da hawan jini, ita dai ta san ɗanta zai je share gona. Na ce zan bi shi ya ce a'a, wa zai riƙe Mama da yarinya. Na ɓoye addarsa, bai ma yi faɗa ba, ya aro wata.

Abin da ya rage mini shi ne in kai rahoto wurin jami'an tsaro. Amma ku duba, in aka zo aka same su da makamai, ban san sunan da za a saka musu ba, ban san shekara nawa za su yi a tsare ba, kuma mutanenmu ba za su taɓa mantawa cewa ni na kai ɗan'uwana ba, ƙila Mama ma ta juya mini baya. Matata ta ce gara ya ƙi ni yana da rai. Wani abokina kuma ya ce in bar shi, namiji ne, ba ni na kashe masa mata ba. In na gaya wa Mama, ina tsoron ta faɗi, in yi asarar biyu. Ina son Yayana, shi ya goya ni a baya zuwa makaranta lokacin da rafi ya cika, kuma ina jin tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Har jiya da safe ina lallashin kaina cewa ƙila da gaske in sun je sun ga wurin shiru za su yi nomansu kawai. Sai da rana na dawo cin abinci, na tarar da matata a bakin murhu tana hawaye. Yaya ya jawo buhun nan daga ƙarƙashin gado ya ajiye mata, ya ce ta dafa wa yara. Duk wanda ya fito daga gidan manoman doya ya san ba a cin iri, ko yunwa za ta kashe ka, a gidanmu Baba ya taɓa sayar da akuya don kar a taɓa shi. Ta dafa, don ba ta iya yi masa musu ba. Ya zauna ya ɗora 'yarsa a cinya yana ba ta a baki, yana ce mata ta ci da yawa.

'Yan gida, in kai shi a kama shi, ko in tsaya a bakin ƙofa ranar Asabar in ce masa Allah ya kiyaye hanya? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya gaya mini abin da ya yi. Zan riƙa duba komen daga shago.