Tuwon Hannun Dinatu

Hayin Dogo, Samaru,
Talata, 7 ga Nuwamba, 2006.

Zuwa ga ɗana Shekari,

Gaisuwa mai yawa. Yaya matarka Oby da yaran, yaya mutanen Basawa? Yau Talata na tashi da kumburin ƙafa, tari ma bai bar ni ba, amma hannuna yana iya riƙe biro, shi ya sa za ka ji abin da ke raina.

Na samu labari ka hana 'ya'yanka cin abincin ƙanwarka Dinatu, don wata 'yar Zumunta, ƙungiyar matan coci, ta gan ta a layin masu ƙanjamau a asibiti. Kai da ka yi jami'a, ba ka taka ƙafa ka tambaya ba. To bari tsohon malamin firamare ya koya maka.

Ka tuna ciwon dajin bakin mahaifa da ya cinye mahaifiyarku. Likitoci sun ce wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Yanzu suna wani bincike, suna ɗibar jinin mata, masu ƙanjamau da marasa shi, don su gani ko garkuwar jikinsu tana yaƙar ƙwayar daidai wa daida. Bibbiyu suke ɗaukarsu, sa'o'in juna daga unguwa ɗaya, ɗaya tana da shi ɗaya ba ta da shi. Dinatu ce ta wanke zanen uwarku har ranar da aka binne ta. Shi ya sa ta shiga binciken, tare da ƙawarta Funmilayo mai ɗinki.

Yanzu ba mai tsayawa wurin wainarta a kasuwar Samaru. An cire ta daga masu dafa abinci a coci. Wannan duk na baƙi ne, na iya haɗiyewa. Naka ne ya tsaya mini a maƙogwaro.

Mahaifinka,
Tagwai Didam

Laraba, 15 ga Nuwamba.

Shekari,

Ina gaishe ku. Ƙafar tana nan yadda take. Amsarka ta iso. Ka ce kamata ya yi Dinatu ta tashi gaban Zumunta ta faɗi sakamakonta, magana ta ƙare. Na karanta sau biyu don ban yarda kai ka rubuta ba.

Ka yi tunani mana. Kowa ya san su biyu suke zuwa, Dinatu da Funmilayo. In ɗaya ta ce ba ta da shi, ta nuna ɗayar da yatsa ke nan. Sun yi alkawari ba wadda za ta buɗe baki, ko da su biyun za a tsana. Ni da nake gida ɗaya da Dinatu ban tambaye ta ba, ba kuma zan tambaya ba. Ita ke yi mini wanka, ita ke yanke mini farce, tuwonta nake ci. Kai yaushe rabonka da ganin ƙafar nan?

Jiya ta ce za ta koma Kafanchan, don ta gaji da yadda ake janye yara idan ta wuce. In ta tafi, ba ni da kowa.

Abu ɗaya nake nema. Ka zo ran Lahadi bayan sujada, ka zauna a ƙofar gida inda kowa zai gani, ka ci tuwon hannunta. Kai dattijon coci ne, in ka ci za su ci. Ta ce in ka zo za ta zauna.

Mahaifinka,
Tagwai Didam

Lahadi, 19 ga Nuwamba.

Shekari,

Ina fata kuna lafiya. Dinatu ta yi miyar karkashi, wadda kake so tun kana yaro. Ta fitar da ni ƙofa, ta ajiye kujerarka kusa da tawa. Masu dawowa daga coci suka yi ta wucewa suna kallon kwanon a rufe. Duk babur da ya shigo layin sai ta miƙe.

Da la'asar Funmilayo ta zo, muka ci mu uku. Naka yana nan, ya sandare. Dinatu tana ɗaki tana ɗaure kayanta.

Daga Basawa zuwa nan ba tafiya ba ce. Ba ka zo ba.

Tagwai Didam