Yau Masunta Za Su Hau da Kai Tudu

Zuwa ga aminina Lawali,

Bayan gaisuwa irin wadda muka saba. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, babu ma wanda zan ba ya kai maka. Amma in ban rubuta ba zan yi ta ƙura wa waya ido har in zauce, kuma gara in ba hannuna aiki. Ina cikin mota a filin da direbobi ke jiran layi a tashar jirgin sama ta JFK, nan New York. Layina ya zo ɗazu, na bari ya wuce na koma baya. Wa zan ɗauka a wannan hali? Sai in je in zuba bawan Allah a rami.

Tsoro nake ji, Lawali. Teku ta zo dab da kabarinka.

Kai ka ja mu tafiyar nan, kada ka ce ka manta. Kai ka ishe mu da maganar bakansi, wato tafiyar hutu, wai ku mutanen Nijar kun san hutu, mu 'yan Najeriya kuwa sai dai a ɓamɓare mu daga sitiyari a kai mu makabarta. Wani ya zo sayen tabarau a shagonka ya nuna maka hoton tsibirin nan a waya, shi ke nan ka kamu. Ba ka bar mu mun sha ruwa ba sai da muka yarda, ni da Bitrus nas ɗinmu ɗan Kafanchan, da Seidu na zangon Kumasi. Muka hau jirgi zuwa babban tsibiri, daga can kuma kwale-kwale mai inji, tafiyar da na ɗauka ba za ta ƙare ba. Na ƙanƙame benci, babu addu'ar da ban karanto ba, har ta shiga kasuwa. Kai kuwa kana tsaye kana yi min dariya, sai ka ce a ruwa aka haife ka, alhali Gulbin Maraɗi ne iyakar ruwan da ka sani.

Amma fa wurin ya yi kyau, ba zan yi maka ƙarya ba. Hanya ɗaya ce tal, ga awaki na yawo kamar a ƙauye, ga coci can a kan tudu, ga gidan Mama Selina, tsohuwar da ta ba mu masauki take ɗura mana kifi safe da yamma. Ka sa gajeren wando, muka ga ƙafafun da ka daɗe kana ɓoyewa, Seidu ya yi dariya har ya ƙware. Ban taɓa ganinka cikin nishaɗi irin na kwanakin nan ba.

Sai ran nan, bayan mun idar da La'asar, ka zauna a gindin bishiya kana fere mangwaro, ka ce hannunka ya yi nauyi. Na ce ai cin kifi ne ya yi maka yawa. Maganar ƙarshe da na yi maka ke nan a duniya. Kafin a jima ka kife a wurin. Bitrus ya yi duk abin da ya sani, ya danna ƙirjinka har gumi ya jiƙe masa riga. Da ya ɗago ya kalle ni, ban buƙaci ya ce komai ba.

Washegari likita da ɗan sanda suka zo a kwale-kwale suka yi abin da za su yi. Aka ce in New York za a dawo da kai, sai an kai ka babban tsibiri, a sa ka a firji, a yi maka allurai, a jira makonni. Na kira matarka Hadiza. Tana kuka ta ce kullum kana faɗa mata kada a ajiye ka a firji kamar kaza, duk inda ka faɗi a rufe ka a nan. To, duk tsibirin babu Musulmi sai ni da Seidu. Ni na yi maka wanka, ni da ban taɓa wanke gawa ba, Seidu yana zuba ruwa, Bitrus yana riƙe da labule ya juya baya. Mama Selina ta fito da sababbin fararen zannuwan gado daga akwatinta, da su muka yi maka likkafani.

Ga abin da ba ka sani ba, don a lokacin kana kwance a ɗaki. Mama Selina ta zo da dattawan cocinsu, suka ce sun ba ka wuri a makabartarsu ta kan tudu, kusa da inda mijinta yake. Ta ce ƙasar da ke bakin ruwa ba abar yarda ba ce. Na yi musu godiya, na ce a'a. Musulmi a tsakiyar gicciye? Me zan gaya wa tsohuwarka a Maraɗi? Bitrus ya ja ni gefe ya ce mutanen nan sun fi mu sanin ƙasarsu. Na ce masa wannan sha'aninmu ne, ya bar mana. Ya bari.

Ni na zaɓa maka wuri a filin dangin Mama Selina, can ƙasa bayan itatuwan kwakwa. Wallahi na taka da ƙafata daga bakin ruwa zuwa wurin, na ga da nisa. Yashi mai laushi irin na gida, ga inuwa, ga iska. Har na ɗauki hoto na tura wa Hadiza, ina jin na yi maka gata. Me na sani? A garinmu kogi yana da gaɓa, ya cika da damina ya koma inda ya fito. Na ɗauka ita ma teku haka take.

Bari in ba ka labarin gida kafin in ci gaba, ko zuciyata ta ɗan lafa. Hadiza ce ke zama a shago yanzu, kuma ka yi haƙuri, ta fi ka iya ciniki, ba ta tsayawa surutun ƙwallo da masu saye. Suna nan a unguwar Soundview ba su tashi ba. 'Yarka Nana ta yi tsawo, ta kusa kamo uwarta. Har yanzu in na yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci, amma tana ji sarai, musamman in gulmarta ake yi. Ran nan ta sa ni in nuna mata tsibirin a taswirar waya, muka yi ta buɗa hoton da yatsa kafin ya fito, ɗan ɗigo a tsakiyar shuɗi. Ta daɗe tana kallo. Matar Seidu ta haihu, namiji, an sa masa sunanka. Yaron akwai ci, ya gado mai sunan.

To, a bana ne Mama Selina ta fara turo hotuna. Na farko, itatuwan kwakwar da ke gaba sun faɗi, saiwoyinsu a sama. Na ce wa kaina ai da saura. Na biyu, hanyar da muka bi da kai a kafaɗa babu ita, ruwa ne a wurin. Ranar ina tuƙi a kan gada na kalli ruwan da ke ƙasa, na yi maza na kawar da kaina.

Na je wajen malam a masallacinmu na unguwar University Heights. Ya ce in ana tsoron ruwa zai ci kabari, ya halatta a tone a canza wa mamaci wuri. Mutanen cocin kuma, Allah ya saka musu, ko gori ba su yi mana ba. Suka ware maka kusurwa a bayan katangar makabartarsu, kai kaɗai, babu gicciye. Muka sayi tikiti mu uku, a makon nan ya kamata mu tashi. Na sayi likkafani na gaske, yana nan a but ɗin motar nan.

Tun ranar da na sayi tikitin nake ta tunanin ramin nan. Ni na shiga rami na karɓe ka, don haka ni zan shiga in fito da kai, kowa ya san da haka ba sai an faɗa ba. Me zan tarar, Lawali? Zanen gadon nan ya riƙe? Ruwa ya riga ya shiga ta ƙasa? In na sa hannu na ji abin da ba kai ba, kuma kai ne, yaya zan yi? Fuskar da nake riƙe da ita ta mai fere mangwaro ce. Ina tsoron a karɓe min ita a ba ni wata.

Sai ga guguwa. Shekaranjiya aka fara nuna ta a talabijin, wani farin abu yana juyawa a kan teku, yana tafiya a hankali kamar ya san inda za shi. Aka soke jiragen da ke zuwa yankin. Kwale-kwalen ma an jawo shi tudu an ɗaure. Ga ni zaune a filin jirgi, jirage na tashi ta kaina zuwa ko'ina a duniya, ban da inda kake.

Yau da safe Mama Selina ta kira. Da ƙyar nake jin ta, iska na ta buga wayar. Ta ce jiya masunta sun jera buhunan yashi sun zagaye ka, kafin gari ya waye ruwa ya kwashe rabi. Ta ce in ruwa ya sake cikowa da yamma, ba ta jin wurin zai kai gobe. Mazan suna tsaye da shebur, amma sun ce ba za su taɓa ka ba sai da izininmu, tunda a baya mun nuna ba ma son hannunsu a lamarinka. Ka ji mutane. Kunya ta kama ni.

Na ce ta ba ni ɗan lokaci. Na kira malam, wayarsa a kashe, ashe ya tafi Umra. Na kira Seidu, ya ce sam, waɗanda ba Musulmi ba ba za su buɗe kabarin Musulmi ba, mu jira, Allah da ya ajiye ka zai tsare ka. Na kira Bitrus a asibiti. Na so ya yi min faɗa, ya tuna min abin da ya gaya min, ko na ji sanyi. Bai yi ba. Ya ce duk abin da na yanke yana tare da ni. Hadiza na kira a ƙarshe. Ta ce ita dai ba za ta iya rayuwa tana tunanin kana yawo a cikin ruwa ba. Ta ce ni na kwantar da kai, ni na san yadda na bar ka.

Na kira Mama Selina na ce su tona.

Na yi mata bayani iyakar yadda zan iya, ina ihu a cikin mota kamar mahaukaci. Na ce kada su buɗe zanen. Duk abin da suka samu su haɗa har da yashin da ke jikinsa, su naɗe a zane mai tsabta, su ɗora a kan katako. Na ce a kwantar da kai ta gefen dama, fuskarka ta kalli inda rana ke fitowa, a ɗan karkata hagu kaɗan. Ta maimaita min sau biyu don kada ta yi kuskure. Ta tambaya ko su yi maka waƙa irin tasu, na roƙe ta su yi shiru kawai. Ta ce to, za su cire huluna. Daga nan layin ya ɗauke, na yi ta kira bai sake shiga ba.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba, kai ma don ba za ka karanta ba ne. Lokacin da na ga an soke jirginmu, kafin tsoro ya zo, wani sanyi na fara ji a raina. Na ji an sauke min kaya, ba ni zan shiga ramin ba. Wannan sanyin ne yake ci na tun safe. Da na ce su tona, don kai na faɗa, ko don kaina? Da babu guguwa, da na iya sauka in ɗauko ka, ko da a bakin ramin zan tsaya ƙafata ta ƙi? Ban sani ba, Lawali. Wallahi ban sani ba. Wancan karon na yanke maka hukunci ina da tabbas, ga inda ya kai mu. Wannan karon ba ni da tabbas ko kaɗan, kuma na sake yankewa.

Ko sun fara? Ko ruwa ya riga su? Hanyar tudun nan tana da santsi ko da rani, balle yanzu, ga iska, ga kai a kafaɗarsu. Mutane ne masu 'ya'ya, ya kamata a ce suna can suna ƙulle tagoginsu, amma suna bakin teku saboda baƙon da ya yi kwana kaɗan a garinsu. In wani abu ya sami ɗayansu, da wane ido zan kalli Mama Selina?

Wayar tana nan a kan kujera kusa da ni. Ba ta yi ƙara ba.

Abokina, in akwai abin da ake ji a can, za ka ji hannuwan da ba ka sani ba, masu kaushi, masu ƙarnin kifi. Ba za su yi bisimilla ba, ni na yi musu daga nan, ina ta yi tun ɗazu. Kada ka firgita, kuma kada ka yi musu nauyi, tudun da tsayi. Ni na aiko su, don na kasa zuwa.

Allah ya jiƙanka, ya sa su riga ruwa isa gare ka. Sai mun zo.

Amininka da ke jiran waya,
Nafi'u