Shinkafar Ɓera a Bayan Kabad

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ya karatu, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau, in ka cire masifar da ka bar mini.

Ka ce wata uku kacal zan riƙe maka karen nan, ka ce ɗan mitsitsi ne, ba shi da damuwa. Allah ya shirye ka. Takardar da ka liƙa a firij kuwa ta fi ta mai jego dokoki: a taje gashinsa kullum, a duba kunnensa saboda kaska, a yanke masa farce, a wanke masa haƙora da buroshi, kada a ba shi ƙashin kaza ko albasa. Kai da sai na murɗe maka kunne kafin ka wanke naka bakin kana yaro.

Kyaftin kake kiransa, ni Tsumma nake ce masa, don da shi ya yi kama. In na bar shi a gida haushi yake har maƙwabta su buga ƙofa, dole nake jan shi zuwa shago. Ya tone tukunyar fulawata, ya tauna tef ɗin awo, ya kwanta a kan yadin mutane. Abu ɗaya zan faɗa don Allah: ɓerayen da ke cinye mini kayan ɗinki ya kashe biyar. Amma ba na son sa, kuma ba zan so shi ba.

Ka huta lafiya.
Yayarka

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya. Karenka dai ba shi da ita.

Tun shekaranjiya ya ƙi abinci, ya kwanta ƙarƙashin keken ɗinki ko almakashi ya faɗi ba ya ɗaga kai. Jiya na ga jini a hancinsa, na buɗe bakinsa na ga dasashin ya yi fari fat. Na rufe shago na kai shi wurin likitan dabbobi a cikin kwandon ƙyallaye. Sun riƙe shi, sun ce jini ne ke zuba a cikinsa, ba su ba ni tabbacin zai tashi ba.

Kada ka soma kira kana yi mini kuka. Kai ka ɗauki rai ka ajiye wa wadda ba ta roƙe ka ba, ka kama hanya. Duk abin da ya faru, a wuyanka yake.

Yayarka

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga saƙonka, na kuma ga rashin kunyar da ke ciki.

Ya tashi. Amma laifi tudu ne, na taka nawa na hango naka. Da likita ya tambaye ni ko akwai guba a inda kare ke wasa, na ce babu. Na dawo na ja kabad ɗin yadi, sai ga murfin gwangwanin da na zuba shinkafar ɓera a ciki tun kafin ka kawo shi, an lashe shi tas. Wajen bin ɓera ne karen ya same ta. Takardarka ta hana albasa, ba ta ce a duba bayan kabad ba, ni kuma na manta. Da ƙafata na koma na faɗa wa likita, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, a nan ne ya san maganin da zai ba shi.

Yanzu ka ce abokinka zai zo ya ɗauke shi tunda ni ba ni da imani. To, kada ya wahalar da kansa. Ƙwaya zai sha safe da yamma har mako huɗu, in aka tsallake jinin na iya dawowa. Likita da ma'aikatansa biyu sun yi fama ya tofar. Ni nake cusa ta a cikin ɗan kifi, in zauna a ƙasa, ya karɓa a tafin hannuna. Abokinka ya san wannan?

Har yanzu wari yake, har yanzu Tsumma ne. Na ɗinka masa katifa da ragowar ƙyalle don ya bar mini yadin mutane, ba don komai ba. In ka dawo ka zo da kanka, ka tsaya a bakin shago ka kira Kyaftin. In ya taso ya bar ƙafata, ka tafi da shi.

Yayarka, wadda ba ta da imani