Wata Ɗaya Ba Ya Isar Wankan Jego

Zuwa ga Mushe Darakta, mai ajans ɗin sayar da biyen jirgin sama a Madawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka gaishe mini da mahaifiyarka. Tare muka yi kolej a Keita, na kuma san irin tarbiyyar da ta ba ka, shi ya sa zan yi maka magana irin ta uwa da ɗa. Na so mu kashe maganar nan mu biyu, amma tun da na dawo daga Yamai talhonka ya iya ƙara, bai iya ɗauka ba. To ga ta a fili, sauran iyaye mata na Adar su ma su ji.

Ɗiyata Sa'a tana aure a wata ƙasa mai nisa, inda mijinta ke aiki, kuma cikin fari gare ta. Da kusa take, gida za ta zo wanka kamar kowace ɗiyar Tamaske. Likita ya hana ta doguwar tafiya, sai ya zama ni zan bi ta. Surukina ya ce in je a yankar mini biye, wato tikitin jirgi, na wuce ajans biyu na zo taka, don sanayya.

Na ɗaya. Na tambaye ka zancen biza, ka yi murmushi ka ce ƙasar nan masu fasfo irin nawa shiga kawai suke yi. Ba ka yi ƙarya ba, ɗana, rabin gaskiya ka ba ni ka riƙe rabi. Shigar da ba biza iyakarta wata ɗaya. Ni kuwa da bakina na gaya maka wankan jego zan je yi, kai kuma da hannunka ka sa mini ranar dawowa bayan wata biyu. Wanda aka haifa a Adar bai buƙatar na'urar ordinatar ta gaya masa wanka kwana arba'in ne. Naka ma arba'in aka yi, na je barka. Sai a filin jirgin Yamai wata ma'aikaciya mai ladabi ta duba takarduna ta bayyana mini cewa ranar dawowata ta wuce abin da aka yarda, don haka ba za su ɗauke ni ba.

Na biyu. Ka yanka mini biye biyu daban-daban, ka ce ya fi sauƙi. Ka ce in jirgi ya yada zango a hanya, sauka zan yi in hau wani, kamar mai sake mota a Ƙwanni. Ashe da irin wannan biye sai na fita na karɓi kayana na sake shigar da su, kuma fitar nan shiga ƙasar mutane ce, tana da tata bizar ta masu wucewa. A Ƙwanni dai ban taɓa ganin an tambayi mai sake mota biza ba. Araha ba ta ado, amma kai ya kamata ka faɗa mini, ba filin jirgi ba.

Na uku, kunyar da ka sa ni. Unguwa guda ta raka ni tasha. Wannan ta kawo kanwa, waccan yaji, wata gabu, wata surfaffen gero, ni kuma na shanya ganyen wanka na ƙulle. An yi addu'a, an yafi juna, har da masu hawaye. Kwana kaɗan sai ga ni na sauko daga kar ɗin, motar da ta kai ni, da walis ɗina ta kaya yadda na ɗaure ta. Mata suka cika gida suna sannu da hanya, suna tambayar mai jego. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu har yau mamakin saurin jiragen zamani take, kuma na rasa bakin gyara mata.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni dariyar sauran. Sa'a ta sauka ina nan Tamaske. Namiji ne, alhamdu lillahi. An yi suna babu ko mutum ɗaya daga gidanmu. Yanzu mijinta ke dafa ruwa a ƴar butar lantarki, ya jingina talho a taga, ni ina nan ina ba da umarni kamar mai koya wa makaho saƙa. Yaron kirki ne, Allah ya yi masa albarka, amma ina ka taɓa jin suruki na tambayar surukarsa yadda ake gasa jiki? Shi yana sunkuyar da kai, ni ina kallon bango. Kunun kanwa kuwa babu kanwar, tana nan cikin kayana. Shekaranjiya yarinyar ta ce mini bayanta na ciwo, kuma tana tsoron yi wa jaririn wanka kada ya suɓuce mata. Ba ta yi kuka ba, amma ni na haife ta, na san muryarta.

Ban ga laifin ƙasashen nan ba. Kowane gida da dokarsa, ni ma ba a shigo mini ba sallama. Laifin na wanda ya san dokar ne ya yi shiru don ciniki ya faɗa. Mai sayar wa mutum hanya amana ya ɗauka, kuma za a tambaye shi.

Ga abin da nake biɗa. Daga yau duk wanda ya zauna gabanka, ka tambaye shi kwana nawa zai yi, yaushe fasfonsa zai ƙare, kuma ina jirginsa zai tsaya. Kalmar nan "ba biza" kada ta sake fita bakinka ita kaɗai, ka riƙa haɗa ta da sharaɗinta, da Hausa, yadda tsohuwa za ta gane.

Sai nawa. Albarkacin jinkirinka, abin da ya rage na arba'in yanzu ya shiga cikin wata ɗaya, ka ga ni da doka mun shirya. Ka gyara mini biye ya zama guda, kayana su wuce kai tsaye, ranar dawowa ta zauna cikin wa'adi. Kowace safiya da ta waye, wanka ɗaya ne ya wuce ba hannuna, kuma ba a ramuwarsa. Ranar kasuwa mai zuwa ina Madawa tun da hantsi. Zan zo da tabarmata da buta, don ban san lokacin da za ka gama ba, ni kuma ba inda za ni sai wurin ɗiyata.

Allah ya yi maka albarka, ya buɗa kasuwa, ya tsare ka da haƙƙin mutane. Ranar da taka ɗiyar za ta haihu, Allah ya sa uwarta na kusa.

Wassalam.

Uwarka,
Maman Sa'a, Tamaske.