Na Canza Fankar Motar Baba, Ya Daina Fitowa

Malam, ka taimaka min da shawara, abin ya tsaya min a rai.

Ina jigilar kaya da tsohuwar motar mahaifina, wadda ya tuƙa shekara ashirin kafin idonsa ya mutu. Fankarta irin ta dā ce mai juyawa da injin, ƙararta tun daga kan kwana ake ji. Kullum da safe Baba yakan lalubo bango ya fito, ya dafa bonet, ya saurari injin, sannan ya sallame ni. Da yamma kuwa ƙarar ce ke gaya masa na dawo, ya sa Inna ta zuba abinci.

Watan jiya na kai ta wurin mai waya, wato mai gyaran wutar mota, ya cire fankar ya sa ta lantarki. Ban gaya wa Baba ba, don na san zai hana. Da ya ji ƙarar ta ragu, na ce masa ɗan gyara kawai aka yi. Gaskiya motar ta yi sauƙin ja, ta rage shan mai. Sai dai mai wayar makunni ya yi min kusa da sitiyari, wai in riƙa kunnawa in na ga allurar zafi ta hau.

Ranar da na ɗauki Baba zuwa ganin likita muka shiga cunkoso, hankalina na kan layin asibiti, na manta makunnin. Shi da ba ya gani shi ya fara jin ƙaurin, ya ce in tsaya. Na buɗe bonet, ruwan lagireto na tafasa, ni ina tsaye kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Ya laluba, ya ji babu fankarsa. Da ma faɗa ya yi, da na samu sauƙi. Tun ranar bai sake fitowa da safe ba. Shirun nan yana cina. In mayar da tsohuwar ne?

Ɗan da ya yi gaban kansa

Ɗana, na tausaya maka, kuma ba ka yi laifi da son gyara ba. Fankar lantarki tana da amfaninta, musamman a cunkoso inda mota ke tsaye. Amma an yi maka rabin aiki. Fankar da ta dogara da tunanin direba wata rana sai ta ƙona injin. Koma a sa mata na'urar da ke jin zafin ruwa ta tayar da ita da kanta, da rile da fis masu kare wayoyi daga ƙonewa, a kuma duba ko batirinka zai ɗauka. Tsohuwar fankar ka adana ta, kada ka sayar.

Shi kuma Baba, ba ƙarfe yake wa fushi ba. Kunnensa ne kaɗai ya rage masa a sana'arsa, ka sallame shi daga aiki ba sanarwa. Ka durƙusa ka ba shi haƙuri, ba tare da lissafin man da ka rage ba. Sannan ka roƙe shi ya raka ka wurin mai waya, ya tsaya a gaban motar har injin ya ɗumama, shi zai faɗa ko fankar ta tashi a kan lokaci. In ya ce a mayar da tsohuwar, ka saurari dalilinsa, ya riga ka sanin motar nan.

Kuma daga yau, in ka sha kwanar gidanku, ka danna hon sau biyu. Tsohon yana nan zaune yana jira, bai san ka iso ba.

Allah ya daidaita ku, ya ƙara masa lafiya.